Mulder Da Scully A Ƙasar Gobir

Mota idan ta tashi daga Sakkwato ta fuskanci gabas, takan bi ta Achida da Marnona, ta ratsa Goronyo inda babbar madatsar ruwan nan take, daga nan kuma sai tsakiyar ƙasar Gobir. A hannu guda ga fadamar gulbin Rima shimfiɗe, kore shar da albasa da tafarnuwa da shinkafa ko da rani ya tsananta. A ɗaya hannun ga tudu, jigawa ce ta gero da wake, da gawo da aduwa da goriba jefi-jefi, sai kuma kuka nan da can tsaye kamar tsohuwar da ke jiran jikokinta su dawo daga kasuwa. Raƙumi a nan ba abin kallo ba ne, abin hawa ne da dako. Kafin a kai Sabon Birni kunne zai fara jin Hausa ta sauya: "mun ka zo", "sun ka tahi", "mi kac ce?" Fuskokin dattawa kuma ga zanen Gobirci nan raɗau, wanda aka ce shida ne a kunci guda, bakwai a ɗayan.

Daga Sabon Birni, in aka karkata kudu, sai Isa a bakin gulbin Bunsuru, gaba kaɗan kuma Shinkafi mai babbar kasuwar Alhamis, wadda ta faɗa jihar Zamfara tun da aka yanke ta daga Sakkwato a 1996. In kuwa arewa aka nufa, ba a daɗewa an shiga Jamhuriyar Nijar, ƙasar Gidan Rumji da Tsibiri da Maraɗi. Iyakar nan ta takarda ce kurum. Mutanen iri ɗaya ne, aure ɗaya, suna ɗaya, naira da sefa kuma a aljihu guda suke kwana.

To, mai karatu zai ce me ya haɗa wannan lungu da wani shirin talabijin na Amurka? Biyo mu a sannu.

Shirin dai shi ne The X-Files, wanda Chris Carter ya ƙirƙira, tashar Fox ta fara nuna shi ranar 10 ga Satumba, 1993. Labarin wasu jami'an hukumar FBI ne guda biyu. Fox Mulder, wanda David Duchovny ya fito a matsayinsa, an jefa shi wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa inda ake tara fayil-fayil ɗin da suka gagari kowa: mutanen da suka ɓace ba dalili, gawarwakin da likita ya kasa gane abin da ya kashe su, hasken da aka gani a sama. Shi ya yarda akwai wani abu a ɓoye. Ita kuwa Dana Scully, wato Gillian Anderson, likita ce, an turo ta ne musamman don ta sa masa ido ta kuma ƙaryata shi da hujjar ilimi. Shi ya ce aljihun duniya cike yake da abin mamaki, ita ta ce a kawo gawar ta fede ta gani. Kan wannan jayayya aka gina zango tara, daga 1993 zuwa 2002, aka yi manyan finafinai biyu a 1998 da 2008, sannan aka sake tado da shirin a 2016 da 2018.

Amma duk wani gogaggen ɗan kallo zai gaya maka cewa zuma tana cikin zangon farko ne, mai kashi 24. A lokacin ba su da kuɗi sosai, a Bankuba ta ƙasar Kanada suke ɗauka, garin hazo da ruwan sama da dazuzzuka masu duhu. Rashin kuɗin nan ya zame masu alheri. Tunda ba halin nuna dodo ƙiri-ƙiri, sai su bar shi cikin duhu, su ba ka tocila biyu tana yawo, da kiɗan Mark Snow mai kama da fito a maƙabarta. Sauran aikin zuciyarka ce za ta ƙarasa shi. A Amurka an riƙa sayar da zaɓaɓɓun kashi a kaset ɗin bidiyo, biyu-biyu a kowane kaset, kafin a fitar da zangon farko cur a faifan DVD a shekarar 2000, wanda yana cikin shirye-shiryen farko da aka yi wa haka.

GIDAN KALLO

Wanda bai san gidan kallon ƙauye na shekarun 2000 ba an yi ba shi. Rumfa ce ta zana ko ta kwano, da benci biyar ko shida, da tabarma a gaba ta yara. Talabijin guda a kan tebur, an ɗaure ta da igiya don tsaro. A waje ga ƙaramin janareta yana ta ɓaɓatu, domin wutar NEPA a irin waɗannan garuruwa baƙuwa ce, in ta zo a yi mata maraba, in ta tafi ba mai tambaya. A bakin ƙofa ga allo an rubuta fim ɗin yau da alli, ga mai shayi, ga mai tsire, ga yarinya da farantin gyaɗa. Kayan kallon kuwa daga Kano suke tasowa, daga Ƙofar Wambai da Bata, su biyo ta Gusau da Ƙauran Namoda da Shinkafi, ko su zagayo ta Sakkwato. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gabar kaset. Ana tsakiyar kallo sai hoto ya fara rawa, mai gida ya tashi ya buɗe bidiyo ya goge kanta da tsumma, jama'a na ta tsaki. Da sidi ya zo aka ce an huta, ashe shi ma da tasa cutar: ya karce, ya maƙale daidai inda bos zai mutu.

Kada a yi wa kowa ƙarya, The X-Files bai taɓa yin tashen Sangaya ko Wasila ba a irin waɗannan rumfuna, bai kuma kama ƙafar Indiya ko Rambo ko Ibro ba. Surutu ya yi masa yawa, duka ya yi masa kaɗan, ba rawa ba waƙa, jarumi da jaruma kuma shekara da shekaru suna tare ba wanda ya ce yana son wani. Irinsa yakan shigo ne a saƙale cikin tarin faya-fayan nan na 'yan kwafi masu cusa fim goma a faifai guda, sau da yawa ma ba a jere ba. Amma duk inda aka dace aka saka shi a gaban Bagobiri, aka kuma samu ɗan makarantar da zai riƙa fassarawa, to hira ta samu. Ga irin yadda takan kasance:

"Kai ɗan nan, wanga Bature mi shi ka biɗa cikin daji da dare?"

"Baba, ƙanwa tai shi ka biɗa. Tun suna ƙanana an ka ɗauke ta."

"Wa yaɗ ɗauke ta?"

"Wai mutanen sama, Baba."

"Mutanen sama ko mutanen ɓoye? Ku dai yaran zamani ba ku san komi ba. Ita kuma wagga mai jan kai mi ta ka musu a kai?"

Dattijon nan bai yi kuskure ba. Zuciyar shirin gaba ɗaya ita ce Samantha, ƙanwar Mulder, wadda aka ɗauke daga gidansu tana da shekara takwas shi yana da sha biyu, a gaban idonsa, ya kasa ko motsi. Abin da ya rikita Amurkawa a labarin, wato a ce akwai wasu halittu da ke zaune kusa da mu ba ma ganinsu, suna ɗaukar mutum su dawo da shi ya sauya, a ƙasar Hausa ko yaron goye ya san da shi. Bambancin kawai, su Turawa sama suke kallo, mu kuwa gindin tsamiya.

Duba kashi na farko. A wani gari na jihar Oregon matasa 'yan aji ɗaya ke ta mutuwa a daji da wasu ɗigo biyu a bayansu. Mulder da Scully na cikin mota da dare sai haske ya rufe su, da suka farga minti tara sun ɓace daga agogo. Wane ne a Gobir bai taɓa jin labarin wanda ya fita da magariba aka tsince shi bayan kwana uku a wani gari, shi kuma yana rantsuwa yanzun nan ya bar gida ba? Ko kashi na uku, Squeeze, na Eugene Tooms mai idon mage, wanda ke matse jikinsa ya shigo ta hudar da ko kyanwa sai ta yi dabara, ya cire hantar mutum biyar ya ci, ya koma ya kwanta shekara talatin. A birnin Baltimore sai da aka tono fayil na 1933 da na 1963 kafin a yarda. A rumfar kallo kuwa kalma ɗaya ta wadatar: maye!

Sai dai mafi daɗi a cikinsu, a ganin masu lura, shi ne Beyond the Sea na Janairun 1994, inda aka juya riga. Mahaifin Scully ya rasu, kuma a daren, kafin wayar ta shigo, ta gan shi zaune a kujera yana motsa baki ba sauti. Ga wani fursuna da ke jiran kisa, Luther Lee Boggs, yana cewa zai iya isar mata da saƙon mamacin. A nan Mulder ne ke cewa ƙarya ce, ita likitar ce zuciyarta ke rawa. Brad Dourif ya yi wasa a wannan kashi kamar ba gobe. Duk jarumin da ke son koyon yadda ake fitowa a mai taɓin iska ba tare da zare ido da ihu na banza ba, ya nemi wannan ya kalla sau uku.

Da suka waiwayo Afirka ta Yamma kuwa sai suka kwafsa. A zango na huɗu, cikin 1996, sun yi wani kashi mai suna Teliko, kan wani baƙo daga Burkina Faso da ke kashe baƙaƙen fata a Filadelfiya ya bar gawarsu fari fat. Sun ɗauko sunan iska daga tatsuniyoyin Bambara, amma sai suka mai da shi dodon cin ƙwaƙwalwa kurum. Ba girka, ba kiɗa, ba ladabin da ke tsakanin iska da dokinsa. Da marubucin ya kwana biyu a Tsibiri da bai rubuta haka ba.

ƘASAR INNA

Domin kuwa in ana maganar mutanen ɓoye, Gobir ba sa'ar kowa ba ce. A tsarin sarautar Gobir akwai Inna, mace daga gidan sarauta, wadda ke tsaye kusa da sarki, kuma ita ce uwar 'yan bori na ƙasar duka. Sarautar ba ta mutu ba ko bayan jihadi. Ƙarfinta ya kai har masana tarihi na cewa lokacin da Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa 'Yan Taru don karantar da matan karkara, malfar da take naɗa wa jajinta irin ta Inna ce, wato ta karɓi alamar da mata suka riga suka sani ta sauya mata aiki. Bori kuwa duniya ce mai tsari, da birninta Jangare, da sarakunanta da malamanta da kutarenta: Sarkin Rafi, Ɗan Galadima, Malam Alhaji, Kuturu, Doguwa. Kowane da kiɗinsa na garaya ko goge, da tufarsa, da abin da yake so da wanda ba ya so. Malamai sun daɗe suna yaƙar abin, kuma ya ja baya ƙwarai, musamman a ɓangaren Nijeriya. Amma labaransa na nan a bakin tsofaffi.

Ba nisa da Sabon Birni akwai kufan Alƙalawa. Nan ne babban birnin Gobir tun da Sarki Babari ya ci Zamfara a ƙarni na 18. Nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, sarkin da har yau in an ambaci sunansa Bagobiri ke gyara zama. Nan kuma aka kashe Sarki Yunfa a 1808 lokacin da rundunar Muhammadu Bello ta ci birnin, shekara huɗu bayan gwabzawar Tafkin Kwatto. Gobirawa ba su miƙa wuya ba. Bayan an kashe Sarki Ali a Gawakuke a 1836, Mayaƙi ya kafa sabon zama a Tsibiri. A wajejen 1860 rikicin cikin gida ya sa Ɗan Halima ya ɓalle ya dawo ya kafa Sabon Birni da yardar Sakkwato. Isa kuwa tana da nata Sarkin Gobir ɗin, daga ɓangaren masu jihadi. Ka ga ke nan suna ɗaya, gida uku, ƙasa biyu.

Yau baƙon da ya je Alƙalawa gonaki zai tarar, da tuddan da suka rage na ganuwa, da ɓaraguzan tukwane da garma ke tonowa, da makwantan sarakuna. Za a nuna masa Tafkin Kanu, inda masu ba da labari ke cewa nan ake jefa kawunan waɗanda aka sare. Iska na kaɗa karan dawa, ba motsin kowa. Wallahi ko Chris Carter da kuɗin Fox bai isa ya gina wuri mai kwarjinin wannan ba.

A nan ne abin ke ba mutum haushi da 'yan fim ɗinmu. Tun daga Turmin Danya a 1990 an yi finafinan Hausa ba iyaka, kuma na aljanu da bokaye ba su da adadi. Amma yaya ake yin su? A samu kogon dutse a bayan gari, a shafa wa mutum baƙin tukunya, a rataya masa ja da layu, ya yi ta ƙyaƙyata dariya yana kiran "la'ananne", kwamfuta ta fitar masa da wuta a tafin hannu. Kishiya ta zo, a ba ta ƙulli, a ƙarshe asiri ya tonu ta haukace. Ba mai bincike, ba mai shakka, ba wanda zai ce tsaya, anya wannan iska ce ko ciwon farfaɗiya ne, ko kuwa wani ne ke son cinye gadon marayu? Alhali wannan tambayar ita ce gishirin The X-Files. Abin da ya fi kusa da shi a wajenmu ma ba fim ba ne. Kaset-kaset ɗin ruƙiyya ne da suka bazu bayan abin da ya auku a makarantun 'yan mata na Kano a tsakiyar shekarun 1990, zamanin Sumbuƙa, inda za ka ji malam na yi wa aljani tambayoyi kamar ɗan sanda: sunanka, garinku, wa ya aiko ka, ta ina ka shiga? Mutane sun saurari waɗannan da gashin jiki a tsaye. Kasuwar tana nan ke nan, mai sayarwa ne babu. A ce an samu darakta ya haɗa wata likita 'yar boko da wani ɗalibin malamin ruƙiyya, ya sa su a mota ɗaya daga Isa zuwa Gatawa zuwa Unguwar Lalle, kowane mako da sabon al'amari, ita ta ce sauro ne shi ya ce a'a. Wa zai tashi daga benci?

DARE YA SAUYA MASU

Sai dai kash. Wannan hanya da ake kwatantawa ba ta biyuwa yanzu yadda ake bin ta a da, kuma ba aljanu suka tare ta ba.

Fitinar 'yan bindiga da ta faro a Zamfara ta malalo gabashin Sakkwato, Isa da Sabon Birni kuma su ne a bakin wuta. A ƙarshen watan Mayun 2020 an afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa a yini guda, aka kashe mutum sama da saba'in. A Disambar 2021 an tare wata motar fasinja da ta taso daga Sabon Birni a kusa da Gidan Bawa, aka cinna mata wuta da mutanen a ciki, mata da yara. Sunan Bello Turji ya zama abin da ake faɗa da ƙaramar murya. Ƙauyuka sun koma biyan haraji ga 'yan daji kafin su yi noma ko girbi. Dubban mutane sun tsallaka zuwa jihar Maraɗi, wurin dangin da kakanninsu suka rabu da su tun zamanin Ɗan Halima.

A Satumbar 2021 gwamnatin jihar ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, wadda ta ratsa dajin Gundumi, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, daga baya kuma aka katse layukan waya na wani lokaci. An yi ne don a shaƙe 'yan bindiga. Amma ka tuna da mai gidan kallo: janaretansa da jarka yake sha. Ka tuna da yaron da ke tura wa mutane fim a waya a bakin tasha, wanda shi ne ya gaji mai hayar kaset. Dama tauraron ɗan'adam da Arewa24 da wayar hannu sun riga sun rage wa rumfar kallo jama'a, sai dai ranar ƙwallo. Tsoron dare ya zo ya ƙarasa sauran a ƙauyuka da dama. Wa zai tara samari hamsin wuri ɗaya da dare, da ƙarar inji da za ta hana a ji tahowar babura?

Akwai kashi na takwas, Ice, inda aka rufe mutum shida a wani sansanin bincike cikin ƙanƙarar Alaska, wata tsutsa ta shiga jikin ɗayansu, ba a san ko wane ne ba. Har Mulder da Scully sai da suka auna juna da bindiga. A da ana kallonsa a yi dariyar Turawa da rashin yarda da juna. Yanzu duk wanda ya zauna a garin da ake zargin akwai masu kai wa 'yan daji rahoto, inda maƙwabci ke tauna magana kafin ya faɗa wa maƙwabci ya sayar da sa, ba zai yi dariya ba.

Bidiyon da ya fi girgiza ƙasar Gobir a 'yan shekarun nan ba daga Kano ya fito ba, ba kuma daga Amurka ba. A ƙarshen Yulin 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, tare da ɗansa, a kan hanyarsu ta komawa gida daga Sakkwato. Bayan makonni sai ga hotonsa na yawo a wayoyi, dattijo a ɗaure, jini a tufafinsa, yana roƙon a cece shi. Cikin watan Agusta labarin rasuwarsa ya iso. Ba a samu gawarsa ba, sai sallar ga'ib aka yi masa a Sabon Birni, matasa kuma suka fito kan titi cikin fushi. Allah ya jiƙansa da rahama, shi da duk waɗanda suka riga mu ta wannan hanya. A ƙarshen kashi na farko na The X-Files an nuna wani mutum mai shan taba ya ɗauki hujja ɗaya tilo da ta rage, ya kai ta wani makeken sito a hedikwatar sojan Amurka, ya jefa a kwali cikin dubban kwalaye, ya ja ƙofa. Mutanen Isa da Sabon Birni ba sa buƙatar ɗan makaranta ya fassara masu wannan. A gidaje da yawa akwai Samantha: ƙanwa, ko ɗiya, ko amarya, da aka tafi da ita a gaban idon 'yan'uwanta. Wasu sun dawo bayan an sayar da gona da shanu. Wasu har yau shiru.

Duk da haka garuruwan ba su mutu ba, kar wani ya ɗauka kufai ne. Ana cin kasuwa, ana ɗora buhunan albasa a manyan motoci, ana ɗaurin aure da hantsi a watse da wuri. Bagobiri in ya haɗu da Bayerabe a tasha har yanzu sai sun taɓa wasan taubasantakar nan tasu, kowa na cewa shi ne ubangidan wani. Samari na kallon fassarar Algaita a waya, kai uku a kan allo ɗaya. Direbobi sun san sa'ar da ake wucewa da wadda ba a wucewa, kuma kafin a tashi sai an tambayi wanda ya fito daga can: "Yaya hanya?"

Wanda ke son ya ɗanɗani zaman irin wannan dare daga nesa, ya nemi kashi na ashirin a zangon farko, Darkness Falls, na Afrilun 1994. Masu saran itace talatin sun ɓace a wani daji na jihar Washinton. Ashe sun kayar da wata bishiya ce mai ɗaruruwan shekaru wadda doka ta hana a taɓa, wasu ƙananan ƙwari masu koren haske da ke kwance a cikinta suka fito. (Tsofaffinmu da ke hana saran tsohuwar kuka ko tsamiya sai su ce ai mun gaya maku.) Ƙwarin ba sa ƙaunar haske, duhu suke jira. Mulder da Scully suka maƙale a wata bukkar katako da ƙwan lantarki guda ɗaya, da janareta, da ɗan guntun fetur. Wani ɗan rajin kare daji ya lallashi Mulder ya ba shi sauran man, da alkawarin zai dawo da mota da safe. Daren nan kaf ba abin da kyamara ke nunawa sai fuskoki uku da ƙwan nan yana lumshewa yana dawowa, kowa ya kasa kunne ga ƙarar inji. Ba dodo, ba jini, amma ba za ka iya tashi shan ruwa ba.

Mutumin ya cika alkawari, ya dawo. Sai dai a hanyar fita tayoyinsu suka fashe a kan ƙusoshin da 'yan ƙungiyarsa suka shuka tun farko don maganin masu saran itace, dare kuma ya riske su a nan. Da gari ya waye ma'aikatan gwamnati suka iso cikin fararen riguna, suka same su a naɗe cikin saƙa kamar ta gizo-gizo, da sauran numfashi. A asibiti Mulder ya tambayi jami'in me za a yi da dajin. Ya ce gwamnati za ta sa wuta da feshin magani, kuma za a yi nasara. Mulder ya ce in kuma ba a yi ba fa? Jami'in ya nuna masa cewa ba a ma yi tanadin wannan ba, ya juya ya fita.